An ba ni odar hodar reniyam: mece ce, kuma ta yaya zan gane ta gaskiya?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Legas, ina zaune a Agege, sana'ata kai wa makarantu da ɗakunan gwaje-gwaje sinadarai da kwalabe. Wani malamin jami'a da na saba kai wa kaya ya ba ni odar giram 2 na wani abu da ban taɓa jin sunansa ba. A takardar an rubuta Pentacarbonylchlororhenium(I), Re(CO)5Cl. Na zagaye kasuwar sinadarai ta Ojota ban samu ba. Wakilin wani kamfanin Turai ya faɗa min farashin giram ɗaya da ya ɗaga min hankali, ya ce kuma sai na jira makonni. Sai ga wani a intanet ya ce yana da giram 100 a kan kuɗin da bai kai na giram 5 na wancan ba. Mene ne wannan abu, me ya sa yake da tsada haka, kuma in na sayi mai arahar me zai iya faruwa?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu uku kake nema: sanin hodar, dalilin tsadarta, da kuma ko za a iya yarda da mai giram 100. Bari in fara da na ƙarshe don kada kuɗi su fita kafin ka gama karantawa. Kada ka biya shi tukuna. Ban ce ɗan damfara ne ba, domin akwai masana'antu a ƙasar Sin da suke haɗa irin waɗannan sinadarai da gaske, suna sayarwa ƙasa da farashin Turai da Amurka. Inda gizo yake saƙar shi ne, akwai fararen hodoji aƙalla huɗu da ido ba zai bambanta su da wannan ba, wasunsu kuma ba su da reniyam ko ƙwaya ɗaya a ciki. A irin wannan kaya abin da kake saya da kuɗinka shi ne tabbacin cewa abin da ke cikin kwalba shi ne abin da aka rubuta a jikinta. In babu wannan tabbacin, arha ba ta da amfani ga malamin, kai kuma sunanka ne zai ɓaci.

Ƙarfen da ke cikin hodar

Reniyam ƙarfe ne, shi ne na 75 a jadawalin sinadarai, alamarsa Re. Wasu Jamusawa uku, Walter Noddack da Ida Tacke da Otto Berg, suka tabbatar da samuwarsa a 1925, kuma yana cikin ƙarafan da suka fi ƙaranci a doron ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin biliyan na ɓawon ƙasa. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,186, a cikin ƙarafa tangistan ne kaɗai ya fi shi jure wuta.

Ba a buɗe ramin haƙar reniyam don shi kaɗai. Yana zuwa ne a maƙale da ma'adinin molibdinam da ake samu a manyan mahaƙar tagulla. Idan aka gasa wannan ma'adinin, reniyam yakan bi hayaƙi ya tashi, sai a tare hayaƙin a wanke shi, a fitar da wani farin gishiri mai suna amoniyam farenet, NH4ReO4. Da wannan gishirin ake yawancin cinikin reniyam a duniya. Ƙasar Chile ce kan gaba, ta hannun kamfanin Molymet, sai Amurka da Foland da wasu ƙasashe kaɗan. Abin da duniya gaba ɗaya take samarwa a shekara wajen tan 60 ne kawai. Mafi yawansa yana tafiya ne wajen ƙera fikafikan cikin injin jirgin sama, inda ake zuba kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari a haɗin nikel don ƙarfen ya jure zafi, wani kason kuma matatun mai suke haɗawa da filatinam wajen inganta fetur. Tunda samuwarsa ta rataya ne a kan aikin tagulla, ko buƙata ta ƙaru ba a iya ƙara yawansa nan take, shi ya sa farashinsa yake tsalle. A 2008 kilo ya haura dala 10,000, zuwa wajen 2020 kuma ya sauko kusan dala 1,000.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi, domin a nan mutane da yawa suke kuskure. Nauyin ƙwayar Re(CO)5Cl shi ne 361.71, na reniyam kuma 186.21. Ke nan kashi 51.5 cikin ɗari na hodar reniyam ne, giram ɗaya yana ɗauke da ɗan abin da ya haura rabin giram na ƙarfen. Ko da a ce kilo yana dala 3,000, ƙarfen da ke cikin giram ɗaya bai kai dala 2 ba. Amma a kundin manyan kamfanoni giram ɗaya na hodar yakan kai dala ɗari ko fiye. Saboda haka ba ƙarancin ƙarfen ne babban dalilin tsadar ba. Wannan lissafin yana da fuska biyu: yana nuna cewa mai arha ba lallai ne maƙaryaci ba, tunda akwai tazara mai faɗi tsakanin kuɗin ƙarfe da kuɗin kundi, yana kuma ba ka ƙasan da farashi ba zai iya faɗawa ƙarƙashinsa ba. Giram 100 na hodar gaskiya dole ya ƙunshi giram 51.5 na reniyam. Duba farashin ƙarfen na ranar, ka ninka. Wanda ya ba ka farashin da ya yi kusa da kuɗin ƙarfen zalla, ko ya gaza shi, to ba wannan hodar yake sayarwa ba.

Yadda hodar take

Tana cikin jinsin sinadaran da ƙwayar ƙarfe take zama a tsakiya, wasu ƙananan ƙwayoyi su kewaye ta su riƙe ta. Masu riƙon ana kiran su ligan. A nan guda shida ne, sun tsaya gabas da yamma da kudu da arewa da sama da ƙasa. Biyar daga cikinsu kabon monoksaid ne, wato CO, na shidan kuma kulorin. Lambar rajistarta ta CAS ita ce 14099-01-5, kuma wannan lambar ce za ka riƙa bi, ba suna ba, domin kamfanoni suna juya sunan yadda suka ga dama. Wani zai rubuta Rhenium pentacarbonyl chloride, wani Chloropentacarbonylrhenium, duk abu ɗaya ne muddin lambar ta zo daidai.

A ido fara ce, wani lokaci da ɗan dishi-dishi, ƙananan ƙyalli kamar gishiri mai laushi. Iska ba ta lalata ta, ana iya auna ta a kan sikeli a fili ba tare da akwatin naitirojin ba, wannan kuwa sauƙi ne babba ga ɗakunan gwajinmu. Ba ta narkewa a ruwa. Tana narkewa daidai gwargwado a ruwayen narkarwa na ɗakin gwaji irin su daikuloromitan da asiton da THF, a toluwin kuma sai an ɗumama. Idan aka dafa ta ita kaɗai na tsawon lokaci takan saki CO ɗaya, biyu su haɗe su zama [Re(CO)4Cl]2, wanda wani sinadari ne daban. Zafi mai tsanani kuwa yana rusa ta gaba ɗaya ta saki sauran CO ɗin.

Wannan CO shi ne dai iskar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda take kashe mutane a ɗaki a rufe ba tare da sun ji wari ba. A cikin kwalba a ɗaure yake da ƙarfen, ba ya fita haka kawai, amma yawancin masu sayarwa suna sa wa hodar alamar guba, ta haɗiya da ta shaƙa da ta taɓa fata. Kada ka buɗe kwalbar a shago don ka gani ko ka sansana. Buɗewa aikin ɗakin gwaji ne, da safar hannu da tabarau, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi.

Tsadar daga hanyar haɗawa take. Ana fara da oksaid ɗin reniyam ko gishirin farenet, a zuba a tukunyar ƙarfe mai kauri, a tura CO da matsin da ya ninka na iskar sarari sau ɗari biyu ko fiye, a zafin da ya kai wajen digiri 250. Abin da ke fitowa shi ne Re2(CO)10, wanda Walter Hieber ya fara haɗawa a Munik a 1941. Daga nan a raba shi biyu da iskar kulorin, a tace, a busar, a gwada. Iska mai guba a ƙarƙashin irin wannan matsi ba kowace masana'anta take iya riƙe ta ba. Ga kasuwar kuma ƙarama, masu saya giram ɗaya ne, giram biyar ne, don haka duk kuɗin injin da gwaji da kwalba da takardu a kan 'yan giram ɗin nan suke sauka. Dalilin da ya sa ba ka same ta a Ojota ba ke nan. Ba wanda zai daskarar da jarinsa a kan kayan da sai a shekara ba a tambaya ba.

Abin da malamin zai yi da ita

Yana da kyau ka tambaye shi, amma mafi yawan masu neman wannan hoda tsani suke yi da ita zuwa wani sinadari, Re(bpy)(CO)3Cl, inda bpy yake nufin wani ligan mai suna bipiridin. A 1983 Jean-Marie Lehn, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1987, tare da abokan aikinsa Hawecker da Ziessel a Strasbourg ta Faransa, sun nuna cewa wannan sinadari yana amfani da haske ya mai da kabon dayoksaid zuwa CO, kuma kusan CO ɗin kaɗai yake bayarwa ba tare da tarkace ba. Tun daga lokacin ya zama ma'aunin da ake gwada sababbin sinadaran wannan fanni da shi. Wasu kuma suna haɗa danginsa don haskensu, ko don binciken magungunan daji.

Zan faɗi yadda ake haɗa shi dalla-dalla, domin wannan haɗin shi ne gwaji mafi sauƙi na ingancin kayan da ka kawo. Ana auna miligiram 200 na hodar, a haɗa da miligiram 86 na 2,2'-bipiridin, wato ɗaya bisa ɗaya a lissafin mol, a zuba toluwin kamar mililita 20 zuwa 30 a kwalba mai zagayayyen gindi. A ɗora bututun sanyaya tururi, a kori iska da naitirojin, a dafa har toluwin ya tafasa, wajen digiri 111. Mai kallo zai ga abu uku a jere. Farar hodar za ta narke ruwan ya yi garau, sai ruwan ya juya rawaya, sai kuma rawayar hoda ta fara sauka tana manne wa gilashi. A bar shi awa ɗaya zuwa 'yan awanni, a sauke ya huce, a tace, a wanke da sinadarin diethyl ether ko heksen, a busar. Iyakar abin da lissafi ya yarda a samu miligiram 255 ne, kuma da kaya masu kyau ana kusantar wannan adadi. Ligan biyu na CO ne suke fita a wannan aiki, kusan mililita 27 na iska daga miligiram 200. Kaɗan ne, amma duk da haka a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake yi.

A Legas abubuwa biyu suke ɓata wannan aiki, kuma duka biyun ba laifin hodar ba ne. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar dahuwa, fankar akwatin hayaƙi takan tsaya, don haka kada a fara sai an tabbatar akwai janareta ko inbata da zai riƙe ta har ƙarshe. Na biyu ruwan sanyaya tururi. Tanki ya ƙare ko famfo ya tsaya, toluwin ya ƙone ya bar kwalba a bushe a kan wuta, kayan su yi baƙi. Bokiti da ƙaramin famfon kifi mai juya ruwa ya fi dogaro da famfon gini. Na kawo wannan ne don in aikin ya lalace a san inda za a duba kafin a ɗora maka laifi.

Fararen da ake musanyawa da ita

Na farko shi ne gishirin amoniyam farenet da na ambata. Reniyam ne na gaske, kusan kashi 69 cikin ɗari ma, amma ba shi da CO ko ɗaya, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Gane shi ba wuya: ɗan kaɗan a cikin ruwa zai narke, hodar gaskiya kuwa ba za ta narke ba.

Na biyu Re2(CO)10, uwar da aka haifi hodar daga gare ta, lambarsa 14285-68-8. Shi ma fari ne, kuma yana iya zuwa a matsayin gurɓata idan masana'anta ba ta kammala aikin kulorin ba.

Na uku, kuma mafi muni, su ne W(CO)6 da Mo(CO)6, kabonil (wato ƙarfe mai ligan CO) na tangistan da na molibdinam. Farare ne masu ƙyalli, ba sa narkewa a ruwa, suna da araha ƙwarai idan aka kwatanta, kuma babu reniyam a cikinsu sam. Idan aka dafa na molibdinam da bipiridin, abin da ke fitowa ja ne mai duhu, ba rawaya ba.

Na huɗu shi ne ɗan uwanta na jini, Re(CO)5Br, mai lamba 14220-21-4, inda buromin ya maye gurbin kulorin. Wannan ba jabu ba ne, sinadari ne mai daraja, masu bincike da yawa ma shi suka fi so. Amma nauyinsa 406.16 ne, reniyam ɗinsa kashi 45.8, kuma wanda ya yi aiki da shi yana zaton kulorin ne, lissafinsa zai karkace da kusan kashi 12 cikin ɗari, ya rubuta sunan sinadarin da bai haɗa ba a kundin digirinsa.

Na'urar da take raba yawancin wannan gardama ita ce FTIR, wadda take haska kaya da hasken infrared ta zana layukan da suke nuna abin da ke ciki, kuma ana samunta a manyan jami'o'i da cibiyoyin bincike. Ligan na CO suna da sa hannu a fili tsakanin 1,850 da 2,200 a ma'aunin na'urar. Hodar gaskiya a narke tana ba da layi uku: ƙarami wajen 2,155, babba mai ƙarfi wajen 2,045, matsakaici wajen 1,985. Re2(CO)10 yana ba da nasa wajen 2,070 da 2,014 da 1,976. Na tangistan da na molibdinam layi ɗaya tak mai ƙarfi suke bayarwa kusa da 1,980 zuwa 1,990. Gishirin farenet ba ya nuna komai a wannan yanki, nasa layin yana can ƙasa wajen 900. Idan busasshiyar hoda aka ɗora a kan na'urar maimakon narkakkiya, layukan sukan yi faɗi su ɗan gusa, don haka siffar ake dubawa tare da lambobin. Rawayar hodar da aka haɗa kuma layukanta suna komawa wajen 2,020 da wasu biyu maƙwabtan juna kusa da 1,915 da 1,895. Akwai wani ƙarin gwaji mai daɗin gani: a haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, a ɗaki mai duhu. Ta reniyam za ta yi haske ruwan lemo.

Sai dai FTIR tana da iyaka guda biyu da ya kamata ka sani. Ba ta raba mai kulorin da mai buromin, domin layukansu kusan a wuri ɗaya suke faɗowa. Kuma tana gaya maka abin da ke ciki ne, ba ta gaya maka yawansa ba. Wanda ya cakuɗa giram 30 na hodar gaskiya da giram 70 na wani farin gishiri zai iya tsallake ta. Irin wannan cakuɗa a wajen dahuwa ake kama ta: za a ga farin abu ya ƙi narkewa a toluwin mai zafi, kuma abin da aka samu a ƙarshe ya gaza lissafi sosai. Tabbaci na ƙarshe sai an auna reniyam ɗin kansa da na'urar ICP a ga ko ya kai kashi 51.5, ko a auna kabon da haidurojin da naitirojin na rawayar hodar, waɗanda ya kamata su zo kusa da 33.8 da 1.75 da 6.07 cikin ɗari. A na'urar auna nauyin ƙwayoyi reniyam yana da tambarin da ba a kwaikwaya, layi biyu masu tazarar 2, na 185 da na 187, tsayinsu kamar uku bisa biyar. Ƙaramar na'urar XRF ta hannu da masu cinikin ma'adinai suke yawo da ita tana iya taimakawa, amma a yi hattara, babban layin reniyam yana faɗowa kusan daidai kan na zinki, na'urar da ba a saita ta da kyau ba takan rikita su.

Inda ake samo ta da yadda take shigowa Legas

Kamfanonin da aka sani da sayar da irin wannan kaya a ƙananan kwalabe sun haɗa da Sigma-Aldrich na Merck, da Strem, da Thermo Scientific wanda ya gaji Alfa Aesar, da abcr na Jamus. Yawanci tsabtar da suke rubutawa kashi 98 ce, a kwalbar giram 1 ko giram 5. Ba sa aika wa mutum a adireshin gida. Sukan bi ta wakilinsu na ƙasa, kuma sukan nemi takardar da ta nuna cibiyar da za ta yi amfani da kayan da abin da za ta yi da su. Ka karɓi wannan wasiƙa daga malamin tun yanzu, a kan takardar sashensu mai hatimi, domin ita ce take yawan tsayar da oda.

Kafin ka biya kowa, ko na Turai ko na Sin, ka nemi takardu biyu. Ta farko takardar shaidar gwaji, wadda 'yan kasuwa suke kira CoA, kuma ta zama ta ainihin rukunin da za a aiko maka, da lambar rukuni da za ta dace da wadda ke jikin kwalba. Wadda ba ta da lambar rukuni, ko aka rubuta "fari, kashi 99" kawai ba tare da sakamakon FTIR ko adadin reniyam ba, ba shaida ba ce. Ta biyu takardar bayanin haɗari, SDS. Buɗe sashe na 14, nan ake rubuta matsayin kaya a sufuri. Busassun kabonil na ƙarfe suna da lambar UN 3466, aji na 6.1, wato kaya masu guba. Idan haka aka rubuta, dole su bi tsarin kaya masu haɗari na jirgin sama, da mazubi na musamman da ƙarin kuɗi, kuma sau da yawa wannan ƙarin yakan yi gogayya da kuɗin hodar kanta. Mai sayarwar da ya ce zai rubuta "samfurin fenti" ko "hodar roba" a kan kwali don ya kauce wa wannan, ka rabu da shi. In kwastan suka kama, sunanka ne a takarda. Haka nan kada ka roƙi wani matafiyi ya saƙo maka ita a jaka, dokar jiragen fasinja ta hana.

A ɓangarenmu, shigo da sinadarai yana buƙatar izinin NAFDAC, kuma izinin yana ɗauke da sunayen sinadaran da adadinsu, yana da wa'adi. In sunan wannan hoda ba ya cikin naka, sai an ƙara shi kafin kaya su taso, ba bayan sun sauka ba. Sai Form M ta banki da PAAR na kwastan kamar sauran kaya. Wasu sinadarai suna buƙatar takardar shaidar mai amfani daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ka sa ejan ɗinka ya duba jerin kafin oda. Kaya irin wannan ta jirgin sama suke zuwa, su sauka a rumbunan kaya na filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, kuma kowace rana da suka kwana a can saboda takarda ɗaya da ta ɓace kuɗin ajiya ne a kanka. Don giram 2 kacal, shawarata ka bi ta wakilin da yake da izini a hannu, yana haɗa odar mutane da yawa a jigila ɗaya. Makonnin da ya ce ka jira, yawanci wannan haɗawar ce da takardu. Ribarka za ta ragu, amma ba za ka ɗauki kuɗin izini da na sufurin kaya masu haɗari kai kaɗai a kan kwalba biyu ba. Farashin da za ka ba jami'a kuma ka sa masa gajeren wa'adi, ko ka ɗaure shi da canjin dala na ranar biya, domin tsakanin oda da biyan jami'a naira tana iya cinye ribar duka.

Game da mai giram 100, daga nesa ba za a yanke masa hukunci ba, kayansa ne za su yi magana. Ka ce ya sayar maka da giram 1 daga rukunin da yake tallatawa, da CoA ɗinsa. Malamin ya yi FTIR, ya yi dahuwar nan ta miligiram 200, ya auna abin da ya samu. In duka sun fito daidai, ka samu hanya mai sauƙi, kuma babbar odar ma a sake gwada ta idan ta iso, domin samfuri mai kyau ba ya hana a aiko da wani abu daban daga baya. In ya ƙi sayar da kaɗan, ya dage sai ka biya duka ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi, ka bar shi. Sannan ka tambayi kanka wa zai sayi sauran giram 98. Giram 2 na iya isar ɗalibi ɗaya ya gama aikin digirinsa in yana aiki da miligiram 100 zuwa 200 a kowane haɗi.

Akwai tambayoyi biyu da za ka yi wa malamin waɗanda za su iya rage masa kuɗi. Shin mai buromin zai yi masa? In zai yi, ka nemi farashin duka biyun, wani lokaci ɗaya yana nan a ajiye ɗayan kuma sai an jira. Shin ɗalibansa sun taɓa yin irin wannan haɗi? In ba su taɓa ba, ya fara koya musu da Mn(CO)5Br, na manganis, wanda yake bin kusan hanya ɗaya kuma ya fi araha sosai. Shi ruwan lemo ne, haske yana lalata abin da aka haɗa da shi, sai an naɗe kwalba da takardar alminiyam, amma gara hannu ya faɗa a kansa kafin a taɓa reniyam. Tun 2011 da wasu masu bincike a Grenoble suka nuna cewa na manganis ma yana mai da kabon dayoksaid zuwa CO ta hanyar lantarki, ya zama fannin bincike mai zaman kansa.

Ajiya kafin ka miƙa

Idan kwalba ta iso, duba hatimin murfi da lambar CAS da lambar rukuni, ka ɗauki hotonsu, ka bar ta a rufe cikin gwangwani ko ledar da ta zo da ita. Ba ta buƙatar firji, sai in takardar kamfanin ta ce haka. A damshin Legas firji ma yana jawo matsala: kwalba mai sanyi in aka buɗe ta nan take, raɓa takan sauka a kan hodar ta dunƙule, nauyin da za a auna ya haɗa da ruwa. In an riga an sa ta a firji, a bar ta ta dawo zafin ɗaki kafin a kwance murfi. Wuri mai inuwa, nesa da rana da zafin janareta, a cikin mazubi mai rufi da ƙwayoyin silika masu shan damshi, ya wadatar. Shuɗin silika in ya koma ruwan hoda ya ƙoshi da ruwa, a canza shi ko a gasa shi a obin. Kada a ajiye ta kusa da asid mai ƙarfi ko sinadarai masu ƙona abu irin su naitirik asid da haidurojin feroksaid.

Ranar miƙawa, a buɗe kwalbar a ɗakin gwaji a gabanka, a ɗauki FTIR, malamin ya sa hannu a takardar karɓa da lambar rukunin a rubuce. Ka kuma gaya masa ya ware kwalba ɗaya ta tara duk ragowar da ke da reniyam, ruwan tacewa da takardun tacewa da haɗin da ya lalace, kada a zuba su a kwata. Ana iya mai da su farenet a sake amfani da ƙarfen.